Hatimi Ya Ce Shi Ne

An taɓa yi mini ƙaryar mutuwa, kuma na yarda.

Ɗana na fari yana aiki a jirgin ruwa. Ba na faɗin sunansa. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. "Wancan" nake cewa, kowa ya gane. Ni ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne tabkin bayan garinmu, kusa da Tajaye, wanda ke cika da damina ya ƙafe kafin a gama sussukar gero. Shi ya yi lakwal, makarantar boko, ya koyi gyaran wuta, ya bi abokai kudu har bakin teku, jirgi ya ɗauke shi. In sun yi nisa cikin ruwa waya ba ta kamawa. Sai imel, wasiƙar da ake aikawa ta kwamfuta. Ƙanwarsa ke karɓa. Ita malamar asibiti ce a Illela, tana da kwamfuta. Ranar kasuwa in je ta karanta mini, in dawo gida in faɗa. Ni ban yi lakwal ba. Allo kaɗan na yi, sai kiwo da noma da cin rani.

Wata rana saƙo ya zo daga akwatinsa na imel, amma da bakin wani. Mutumin ya ce abokin aikinsa ne. Ya ce inji ya kama ɗana, ya cika, a aiko da na ɗaukar gawa. Ƙanwarsa ta taho gida da kanta, idonta ja. Uwarsa tana daka lokacin. Ta saki taɓarya ta faɗi nan gefen turmi.

Muka yi zaman makoki. Aka zo daga ƙauyuka ana yi mini gaisuwa. Matarsa ta cire 'yan kunne, ta ɗaura tsohon zane, ta shiga takaba. Ɗiyar taubashina ce na Bazaga, auren zumunci ne, ni da ubanta muka ƙulla shi. Lokacin tana goyon ɗiyarsu.

Tana cikin takabar jirginsu ya kai gaɓa, ya kira waya. Lafiyarsa lau. Ɓarayi ne suka shiga akwatinsa suka rubuta. Uwarsa ta ji muryarsa ta yar da wayar, ta kama rawar jiki. Mutane sun ce farin ciki ne. Ba ta ƙara samun lafiya ba. Kafin wata damina muka binne ta.

Ya zo gida bayan rasuwarta. Ya rame. Da aka watse ya kira ni da ƙanwarsa cikin zaure, ya buɗe kwamfutarta bisa tabarma. Ya fito da wani ɗan ƙarfe daga wuyansa, kamar laya, bai kai ɗan yatsa ba.

Ya ce, "Baba, wannan mabuɗina ne. Duk saƙon da zan aiko, da shi zan buga masa hatimi. Babu mai irinsa sai ni. Na sa abokin haɗinsa cikin kwamfutar ƙanwata. In saƙo ya zo, kwamfuta za ta gwada. In nawa ne, alama za ta fito kore. In wani ya rubuta, ko ya canza harafi ɗaya a hanya, ba za ta fito ba."

Na ce, "In ɓarawo ya sake shiga akwatin fa?"

"Ya shiga. Ba shi da mabuɗin."

"In ya zana irin hatimin?"

"Zai iya zanawa. Shi ya sa ba ido ke dubawa ba, kwamfuta ke gwadawa. Baba, ka riƙe wannan. Ko an kawo maka takarda da hoton hatimi a jiki, ba komai ba ce. Sai an buɗe saƙon nan ciki an gani."

Na gane. Na taɓa ganin saniyar sata a kasuwar Konni da shaidar wani a cinyarta, sabuwar ƙuna bisa tsohuwa. Ido kaɗai ba ya isa. Na riƙe maganar.

Ya koma. Muka ci gaba yadda muke. Ranar kasuwa in je Illela, in sayar da abin da na kai, in tsaya gidan ɗiyata. Kafin ta karanta sai in ce, "Kore ne?" Ta juyo mini kwamfutar in gani da idona. Sannan ta karanta. Yana lafiya. Ruwa ya yi haushi wannan watan. A gyara katangar da ta faɗi. A ƙarshe kullum akwai, "Yana gaishe da matarsa, ya ce ta ƙara haƙuri, ya kusa zuwa."

In na dawo sai in tsaya bakin ɗakinta. Ba ta kallon idona, surukuwa ce. Ta durƙusa daga ciki. In ce, "Mai ɗakin nan yana gaisuwa. Ya ce a ƙara haƙuri." Ta ce, "Ina amsawa, Baba." Shi ke nan maganarmu. Amma ita ke riƙe da gidan tun da tsohuwa ta tafi. Ita ke dama mini fura, ita ta san ba na son tsami. Ɗiyarta ke hawa wuyana tana ja mini gemu, ina ce mata amaryata, tana cewa ba ta auren mai haƙori huɗu.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bai zo ba.

Bayan an roro wake, da hantsi, na ji jaki a ƙofar gida. Taubashina ne da amalankensa. Daga Bazaga zuwa wurinmu tafiya ce, ba a yin ta don gaisuwa kawai. Tare da shi akwai babban ɗansa, wan surukuwata, mai aikin buro, wato ofis, a Konni. Ni da taubashina ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Tare muka yi cin rani da ƙuruciya, tare muka kwana da yunwa shekarar da shanu suka ƙare.

Na ce, "Bawana ya zo gaida ubangidansa. Da kai da jakin wa ya jawo wani?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu shiga zaure."

Ɗan taubashina ya fito da takarda ya shimfiɗa. Ya ce imel ne ya zo masa, ya buga shi a takarda. Ya karanta. Gajere ne. Wancan ya ce ya saki matarsa saki ɗaya. Ya ce a ba ta haƙuri, a ba iyaye haƙuri.

Taubashina ya ce, "Na zo ɗaukar ɗiyata."

Na ce, "Ba inda za ta."

"Ka ji abin da aka karanta."

"Na ji takarda. Ban ji ɗana ba."

Ɗan ya matso da takardar, ya sa yatsa a gefe. "Kawu, duba. Ga hatimin nan da kuke faɗi. Ya fito."

Na duba. Akwai wani ɗan zane a gefen, baƙi, don tawadar baƙa ce. Na ce, "Wannan zane ne. Ko ni aka ba alƙalami na yi shi."

"Kawu, ni zan ƙirƙiro wa ƙanwata saki?"

"Ban ce kai ba ne. Wancan karon ma ba ɗiyata ta ƙirƙiro mutuwa ba. Ta karanta abin da ta gani."

Aka kira liman. Kafin ya iso zaure ya cika, don amalanke a ƙofar gida da takarda a hannu ba su ɓoyuwa a ƙauye. Liman ya saurara. Ya ce saki a rubuce saki ne, in an tabbata mijin ne ya rubuta. In ba a tabbata ba, tana nan matarsa. Wasu suka ce ga takarda ga hatimi, me ake jira. A wurinmu in abu ya hau takarda an gama. Takardar gona, takardar haraji, takardar jandarma, ba mai gardama da su.

Na miƙe. Na ce, "Yarinyar nan ta yi takabar mai rai cikin gidan nan saboda saƙo. Uwar yaron tana ƙasa saboda saƙo. Ba za ta fara idda a kan takarda ba. Wancan bai rubuta wannan ba. Na san abin da na haifa. Duk saƙonsa sai ya gaishe ta."

Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Na san ita ma ta ji daga bayan zana.

Taubashina ya ce, "Kai dai tun muna yara kanka dutse ne. To mu je a gwada. In ƙarya ce, in ba ka jakin nan."

"Me zan yi da jakin da ya girme ni?"

Ya ɗan murmusa. Shi ma so yake ta zama ƙarya.

Ya kwana wurina. Ranar kasuwa muka shiga mota mu uku zuwa Illela. A hanya ɗan ya ce saƙon ba shi kaɗai aka aika wa ba, ya ga adireshin ɗiyata a sama. Na ce da ya zo mata da ta faɗa mini.

Muka same ta ta taso daga aiki, ba ta ko cire farar riga ba. Da ta ga taubashina bayana sai ta tsaya. Ta gaishe mu ta kawo ruwa. Ta kawo fura. Ta tambayi wake, ta tambayi awaki, ta tambayi ƙafar kawunta mai ciwo.

Na ce, "Ɗauko kwamfuta."

"Baba, ba caji."

"Ga wuta can a bango."

"Ku ci abinci tukuna."

"Ɗiyata. Ɗauko."

Ta ɗauko. Sai da ta yi kuskuren buɗewa ta sake. Ta nemo saƙon. Ba ta daɗe tana nema ba, ta san inda yake. Ta tsaya ba ta juyo da ita ba.

Na ce, "Kore ne?"

Na juyo da kwamfutar da kaina.

Kore ne. Irin wanda na saba gani, a inda na saba ganinsa.

Na ce, "Ko an sace mabuɗin?"

Ta ce, "Na tambaye shi, Baba. Na rubuta masa ranar da ya zo. Ya amsa. Mabuɗin yana wuyansa. Na tambaye shi abin da Inna ke kiransa da shi yana ƙarami, ya faɗa."

"Tun yaushe kike da wannan?"

"Tun kafin kasuwar da ta wuce."

"Na zo nan ranar. Kin karanta mini wani."

"Tsohon saƙo na karanta maka."

Taubashina ya ce, "La ilaha illallahu." Ɗansa ya fita waje, ya bar mu. Yaron kirki ne, bai ce ai na faɗa ba.

Akwai abin da ya tsaya mini. Na ce, "Mutumin da ke gaishe ta kowane saƙo, yana cewa ya kusa zuwa, yaya zai wayi gari ya yi haka?"

Sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Ba ya gaishe ta, Baba. Ya daɗe da bari. Ni ke ƙarawa."

"Ke ke mi?"

"Da farko na zaci mantuwa ce, na ƙara. Na gaba ma bai sa ba, na ƙara. Ina ta yi masa faɗa a rubuce, ba ya amsa wannan. Na kasa barinka ka koma gida ka tsaya bakin ɗakinta ba ka da abin faɗi."

Na zauna. Ban zage ta ba. Da na ɗaga hannu ma ban san wa zan buga ba. Hatimin ya yi aikinsa. Ya tsare saƙo daga tsakiyar teku har cikin ɗakin nan, ba wanda ya taɓa harafi ɗaya. Daga kwamfuta zuwa kunnena kuwa bakin ɗiyata ne. Daga kunnena zuwa ƙofar yarinyar nan bakina ne. Ni na riƙa kai mata gaisuwar da ba a aiko ba.

Na ce, "Ke ma kina da naki mabuɗin?"

"Ina da shi. Ya yi mini."

"To rubuta. Yadda na faɗa. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Ta share ido ta gyara zama. Na ce, "Ubanka ne. Na ga kore. Na tsaya gaban mutane na ce ba kai ba ne. Saki ɗaya ka yi, ƙofa a buɗe take kafin idda ta cika. Yarinyar nan ta yi maka takaba kana da rai. Ta yi jinyar uwarka. In ta yi laifi ka faɗa. In ba ta yi ba ka mai da ita. Ina jira."

Na kira ɗan taubashina ya shigo ya karanta mini abin da ta rubuta. Daidai ne. Ɗiyata ta sunkuyar da kai da na yi haka. Ta buga hatiminta ta aika.

A mota taubashina ya ce, "Yanzu fa?"

Na ce, "Ka bar ta ta yi idda a ɗakinta, yadda addini ya ce. Ko Allah zai juyo da shi."

"Mutane za su ce na bar ɗiyata inda ba a son ta."

"Wa ya ce ba a son ta? Gidana ne."

Ya yarda. Ya ɗaura jakinsa ya koma Bazaga amalanke ba kowa.

Na tsaya bakin ɗakinta da la'asar. Ta durƙusa daga ciki yadda ta saba. Sai ita ta riga ni magana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, kore ne ko?"

"Kore ne."

"Na sani."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Shi ba ya cewa a ƙara haƙuri. Bai iya wannan maganar ba. In zai gaishe ni tsiya yake yi mini, ya ce a tambaye ni ko har yanzu ina ƙona tuwo. Da gaisuwar ta koma haƙuri haƙuri, na san ba bakinsa ba ne."

"Ba ki faɗa ba."

"Kai kana jin daɗin kawowa."

Na koma zaure. Mutanen da na yi wa rantsuwa suna wucewa suna sallama. Ba wanda ya yi mini dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Duk kasuwa ina Illela. Ba amsa. Ɗiyata ta ce wataƙila suna inda saƙo ba ya fita. Na ce wataƙila. Surukuwata tana ta aikinta, tana dama fura, tana ba awaki dusa. Na lura ta fara wanke kwanonin jerenta tana kifewa ɗaya cikin ɗaya.

Amsar ta zo idda ta kusa cika. Na ce kore ne, ta ce kore ne. Na sa ta karanta, na sa wata abokiyar aikinta ta sake karantawa. Duka bakinsu ɗaya. Ya ce, "Baba, ni ne. Ba ta yi laifin komai ba. Ba zan iya mai da ita ba. Ka gafarce ni."

Iyakarsa ke nan. Na ce su duba ƙasa ko akwai saura. Babu. Hatimin ya ce shi ne. Bai ce me ya sa ba. Ko wata ya samu can, ko ruwa ne ya canza shi, ko tun mutuwar uwarsa gidan ya fita ransa, ban sani ba. Har yau ban sani ba.

Da idda ta cika ban aika a zo a ɗauke ta ba. Na ari amalanke na ɗaura jakina. Matan unguwa suka fito da kayanta, gado da kwanoni da akwati. Na ƙara mata akuya mai ciki da buhun gero. Jikata ta hau bisa kaya tana murna za a yi tafiya. Ta ce, "Tsoho, kai ma can za ka zauna?" Na ce a'a, amarya ta gudu ta bar ango. Ta ce ai ta faɗa mini tun da daɗewa.

Ni na ja jakin har Bazaga. Da guɗa na kawo surukuwata gidana, ban ga dalilin da za ta fita kamar an kore ta ba. Taubashina yana ƙofar gida. Muka sauke kaya. Da zan juyo ya kama igiyar jakin ya ce, "Wannan abin naka ko a kyauta ba na so." Na ce, "Ya fi mai shi ƙarfi, balle kai." Muka tsaya a nan. Tsiyar ba ta yi daɗi ba, amma mun yi.

Surukuwata ta biyo ni har bakin hanya ta durƙusa. Ta ce, "Baba, a riƙa sa maka nono kaɗan, kar su tsamama maka." Na ce to. Na ce Allah ya ba ta wanda ya fi. Da gaske nake.

Yanzu matar ƙanena ke aiko mini fura. Da tsami. Ina sha.

Wancan yana aiko da saƙo har yanzu. Ranar kasuwa in tsaya gidan ɗiyata, ta buɗe kwamfuta. In ce, "Kore ne?" Ta juyo mini in gani. In ce, "To, yana da rai." Ta ce, "In karanta?" Wani lokaci in ce karanta. Yawanci sai in ɗauki sandata in tafi neman mota.